Wa Ke Yi wa Mai Haƙa Kabari Sannu?

A Darki ta ƙasar Wudil, da an dawo daga maƙabarta sai a zauna makoki, ana yi wa dangi ta'aziyya. Mai haƙa kabari da mai wankan gawa kuwa, "Allah ya ba da lada" ne kaɗai rabonsu. Alhali su suka ɗauke wa gari farillar kifaya. Su ke suturta jaririn da uwarsa ta kasa kallo, su kwana da abin a zuci, domin asirin mamaci amana ne. A Afrilun 2020, masu haƙa kabari na cikin waɗanda suka fara fallasa yawaitar mace-mace a birnin Kano. Addu'a ba ta sauke haƙƙi. Wajibi ne ƙaramar hukuma da kwamitocin masallatai su yanka musu alawus, jama'a kuma su riƙa taka ƙafa suna gaishe su.