Kuɗin Shekara Na Lauyoyi: Mu 'Yan Kasuwa Ma Abin Ya Shafe Mu

Yau ina so in yi magana a kan wani abu da na san da yawa za su ce ina ruwan ɗan tireda da shi. Ni ba lauya ba ne, iyakar karatuna sakandare, daga nan na koma shagon mahaifinmu a wajen Kwararafa ina aunar shinkafa da sukari. Amma yayana lauya ne, kuma abin da ya faru a gidanmu a 2023 shi ya sa na san cewa ashe lauya ma yana da kuɗin ƙungiya da yake biya duk shekara, kuma idan bai biya ba, wanda ya ɗauke shi aiki ne ke fara shan wuya.

Mahaifinmu yana cikin waɗanda suka rasa komai lokacin da Kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Ni ban san abin ba, ina goye. Da ɗan abin da ya farfaɗo da shi ya ɗauki nauyin Yaya har ya gama digirin lauya, ya tafi makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda a Kano, ya dawo da baƙar riga da hular gashi. Tun daga ranar Baba ya daina kiran sa da sunan da muka sani, sai dai Barista. Kuma duk wanda ya samu matsala a layinmu na kasuwa, Baba zai ce masa kada ka damu, akwai Barista a gida.

Haka aka yi da wani dattijo maƙwabcin shagonmu da muke kira Baba Alhaji. Rigimar haya ce ta haɗa shi da magadan mai shagon da yake ciki, suka zo suka sa kwaɗo a ƙofa da kayansa a ciki. Yaya ya karɓi shari'ar, ya shigar da takardu a watan Mayu. Ranar da aka zauna, a farkon Yuli, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce ya mai shari'a, takardun nan babu hatimin lauya a jikinsu. Mai shari'a ya juya wajen Yaya ya ce to ko rasit ɗin biya na bana ya nuna. Babu. An ba shi dama ya je ya gyara, aka ɗage zaman, sai ga hutun shekara na kotu ya shigo, ba a sake zama ba sai Oktoba. Wata uku ke nan kwaɗo na ƙofar Baba Alhaji. Da aka buɗe, garin fulawa ya yi ƙwari, madarar gwangwani lokacinta ya wuce. Wallahi har yau idan na gaishe shi sai in ji nauyi, shi kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba.

Nawa ne kuɗin da Yaya bai biya ba? Naira 5,000.

Bayan abin ya lafa na zaunar da shi na ce ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma ga abin da na fahimta. Dokar aikin lauya ta 1975 ta ce duk lauyan da bai biya kuɗin aikin wannan shekarar ba, ba shi da ikon tsayawa gaban kowace kotu a Najeriya a saurare shi. Ƙa'idojin aikinsu kuma sun sa ranar 31 ga Maris ce ƙarshen lokacin biya. Yadda aka biya a 2023 da 2024, wanda bai kai shekara 5 da zama lauya ba yana ba da naira 5,000, mai shekara 5 zuwa 9 naira 10,000, mai 10 zuwa 14 naira 17,500, mai 15 zuwa sama naira 25,000, manyan lauyoyi masu lambar SAN kuma naira 50,000. Dokar ta ce kashi tara cikin goma na abin da aka tara a miƙa shi ga Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, wadda aka kafa tun 1933. Ban da wannan akwai kuɗin reshe, kowane reshe da nasa, kamar reshen Jos. Sai ka biya sannan za ka iya neman hatimi, wata 'yar takarda ce mai manne ɗauke da sunan lauya da lambarsa ta Kotun Ƙoli da ranar da za ta daina aiki, ana liƙa ta a jikin duk takardar shari'a da ya sa wa hannu.

Hatimin nan an fara tilasta shi a 2015, kuma a shekarar ce maganarsa ta kai Kotun Ƙoli a shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi tsakanin Bello Sarkin Yaƙi da Atiku Bagudu. Kotun ta ce takardar da babu hatimi ba ta mutu ba, ana iya gyara ta a liƙa daga baya. Yaya ya riƙe wannan hujjar sosai, yana ta maimaita mini cewa ai ba a kori ƙarar Baba Alhaji ba. Na ce masa gaskiya ne Yaya, ba a kore ta ba, amma fulawar fa? Abin da lauya ke gani a matsayin ɗan kuskure da ake gyarawa da rana guda a kotu, wajen mai shago jari ne. Shi ya sa nake ganin duk da kuɗin daga aljihun lauya yake fita, maganar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Ba zan ɓoye uzurinsa ba, domin yana da shi. Kowa ya tuna yadda Fabrairu da Maris na 2023 suka kasance, lokacin canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki, ga zaɓe, ga azumi ya kama a ƙarshen Maris. Masu shari'a a hannunsa babu wanda ya kawo masa ko kwabo. Ofishin da yake aiki kuwa abin da ake ba shi a wata, in na faɗa muku za ku yi mamaki, yaron shagonmu ba ya nesa da shi. Mutane na ganin lauya da kwat da taye sai su ɗauka kuɗi ne da shi, alhali ƙaramin lauya a garin nan sau da yawa da ƙafa yake takawa daga Taminus zuwa kotu. To amma da na matsa masa, sai ya fito da ainihin abin da ke ransa. Ya ce ba rashin dubu biyar ba ne kawai, haushi ne. Ya ce me ƙungiyar ta taɓa yi masa? Taron shekara ana yin sa a manyan garuruwa, kuɗin rajista da na mota da na masauki sun fi ƙarfin irinsu, manya ne ke hawa mumbari suna jawabi, su kuma ƙanana ba a tuna da su sai Maris ya zo. Kuma ba a tambaye shi ko yana son shiga ba, tun ranar da aka rantsar da shi ya zama ɗan ƙungiya.

Wannan ƙorafin ba shi kaɗai ke yin sa ba. A 2020, da ƙungiyar ta janye gayyatar da ta yi wa gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufa'i, zuwa taronta na shekara, wasu lauyoyin Arewa sun fusata har suka sanar da kafa sabuwar ƙungiya. A watan Satumban shekarar kuma ministan shari'a Abubakar Malami ya fitar da gyaran ƙa'idoji wanda ya cire tilascin hatimin, sai a 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke gyaran. Ke nan har a sama ana ja-in-ja a kan ikon ƙungiyar nan, ba a ɗakin Yaya kaɗai ba.

Duk da haka ni ra'ayina a biya, kuma a biya kafin Maris ya fita. Dalilina daga kasuwa na ɗauko shi.

Mu Hausawan Jos rayuwarmu a kan takarda take. Wanda yake garin kakanninsa, idan an yi gardamar iyakar gona, dattawa goma za su fito su ce mun san wurin tun muna yara. Mu a nan, ko da kakanka ya zo tun zamanin haƙar kuza, ranar da magana ta tashi takarda za a ce ka kawo: ta sayen fili, ta haya, ta rabon gado. Kuma mun san gidaje nawa aka rasa takardunsu a 2001 da 2008 da 2010. Saboda haka babu wanda ya kai mu bukatar lauya na gaskiya, kuma babu wanda ya kai mu saurin faɗawa hannun na bogi. Mutum ya sa kwat ya riƙe jaka ya iya Turanci, sai dattijo ya miƙa masa kuɗi ya rubuta masa yarjejeniyar sayen gida. Ta yaya Baba Alhaji, wanda karatun allo ya yi, zai bambance? Hanya ɗaya da na sani mai sauƙi ita ce hatimin nan. Ba sai ka iya Turanci ba, ka duba ko an liƙa, ka sa yaronka ya karanta maka suna da ranar ƙarewa. Ban ce ba a iya yin na jabu ba, a ƙasar nan me ba a yi? Amma aƙalla akwai suna da lamba da za a bi, akwai reshe da za ka kai kuka, kuma akwai kwamitin ladabtarwa da ke iya cire sunan lauya daga rajista. Duk wannan tsarin da kuɗin shekara yake tafiya. Lauyan da ya ƙi biya, ko bai nufa ba, ya sa kansa layi ɗaya da na bogi a idon mai duba takarda.

Sai maganar me suka yi mini. Baba ne ya ba shi amsar wannan, ba ni ba. Daren da aka dawo daga kotu ya kira shi zaure, ya ce: "Barista, shekara nawa kake gani ina biyan kuɗin ƙungiyar kasuwa?" Yaya ya ce tun yana yaro. Baba ya ce: "Kana tsammani daɗinsu nake ji? Rabin shugabannin ban yarda da su ba. Amma ranar taro ni nake miƙewa in ce a karanto mana lissafi, kuma ba mai cewa in zauna, don katina cike yake. Wanda bai biya ba daga bakin ƙofa yake jin labari." Yaya bai ce komai ba.

Kuma haka abin yake a wajensu. Tun 2016 ƙungiyar ta koma kowane lauya na jefa ƙuri'arsa ta intanet wajen zaɓen shugabannin ƙasa, maimakon wakilai kaɗan, amma sharaɗin shi ne ka biya kuɗin aiki kafin 31 ga Maris. A wannan tsarin A. B. Mahmoud na Kano ya zama shugaba a 2016, Yakubu Maikyau ɗan Kebbi ya zama a 2022. To wanda ke cewa ƙungiyar ta wasu ce, ya duba wannan. A reshen Jos ma lissafin ɗaya ne. Idan yaranmu da suka karanta lauya daga Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos da Ali Kazaure suka riƙa jan ƙafa wajen biya, ranar zaɓen reshe ba sa cikin rajista, ranar da reshe zai yi magana a kan waɗanda aka kama ake tsare da su ba a kai su kotu ba, babu su a ɗakin. Mun daɗe muna kukan ba a damawa da mu a wurare da yawa a garin nan, wasu wuraren kuwa da gaske an rufe mana ƙofa. Wannan ƙofar a buɗe take, kuɗin shigarta bai kai na buhun siminti ba.

Akwai ma inshorar rai da ƙungiyar ke yi wa waɗanda suka biya a kan lokaci. Da na ambata wa Yaya sai ya yi dariya ya ce ai sai ya mutu zai ci. Na ce matarka da 'yarka fa?

Inda na goyi bayansa ɗari bisa ɗari shi ne wajen lissafi. Tunda dole ce aka ɗora, doka ta tsaya a baya, to dole ne kuma masu karɓa su riƙa nuna inda kuɗin ya shiga, a fili, yadda ƙaramin lauya zai gani ba sai ya biya kuɗin jirgi zuwa taro ba. Kuma ya kamata manyan lauyoyin da ke ɗaukar yara aiki su riƙa biya musu wannan kuɗin. Mai shago nagari ba ya barin yaronsa ya sayi mudun awo da kuɗinsa. Wanda ke cin moriyar tsayuwar yaro a kotu, abin kunya ne a ce an tsayar da yaron saboda dubu biyar.

Mu kuma 'yan kasuwa, mu cire kunya. Idan za ka ba lauya aiki, musamman daga watan Afrilu, tambaye shi cikin ladabi: Barista, an sabunta hatimi na bana? Na gaskiya ba zai ji haushi ba, zai ciro ya nuna maka. Mun iya ƙwanƙwasa buhu mu zura hannu mu duba shinkafa kafin mu biya, amma sai mu miƙa takardun gidan gado gaba ɗaya ba tambaya, wai kada a ce mun raina mai ilimi.

Baba Alhaji ya samu shagonsa daga baya, sulhu aka yi da magadan. Baba ya rage masa wani abu daga asarar ba tare da sanin Yaya ba, ni na kai kuɗin. Yanzu kuma a gidanmu da zarar Janairu ya kama, Baba zai leƙo daga zaure ya ce: "Barista, an biya na ƙungiya?" Bara Yaya ya ce masa saura wata biyu ai, Baba. Ya ce ya ji, amma dai a kawo masa rasit ɗin ya gani kafin Juma'a. An kawo ranar Laraba, ni na karanta masa.