SHARHI: Haɗarin mota a hanyar Tsafe zuwa Bungudu: Wa ke tantance mai laifi?

Hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta shigo Jihar Zamfara ta Wanzamai, ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, ta faɗa Gusau, sannan ta zarce Bungudu da Maru har Sakkwato, ita ce jijiyar kasuwancin jihar. A kanta tireloli da tankokin mai ke gogayya da ƙananan motocin haya, da babura, da masu tafiya a ƙasa ranar kasuwa. Idan aka ambaci hanyar a labarai, galibi maganar 'yan bindiga ce. Amma akwai wata asarar rayukan da ba ta samun irin wannan kulawa, wato haɗarin mota. Bayan an kwashe gawarwaki an yi jana'iza, tambayar da ta fi damun iyalan da aka bari, wato wa ke da laifi, kan bi ruwa.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sun nuna cewa mutum 5,421 ne suka mutu a haɗurra 9,570 a faɗin Najeriya a 2024. A 2023 kuwa mutum 5,081 ne suka mutu a haɗurra 10,617. Ma'ana, yawan haɗurran ya ragu, amma mace-macen sun ƙaru. A bayan kowace gawa akwai haƙƙi: kuɗin magani, ɗawainiyar marayu, motar da ita ce jarin gida. Wannan haƙƙi ba ya fita sai an san wanda ya rataya a wuyansa.

Kotun bakin hanya

A aikace, hukuncin farko ba a kotu ake yanke shi ba. Taron da ya kewaye motocin ne ke yanke shi, bisa ƙa'idoji uku da babu littafin da ya rubuta su.

Ta farko ita ce babba ne mai laifi. Idan tirela ta yi karo da Golf, laifin tirela ne. Idan Golf ta yi karo da babur, laifin Golf ne, ko da ɗan acaɓan ne ya faɗo titi ba tare da ya duba ba. Ta biyu, baƙo ne mai laifi, musamman idan lambar motarsa ta wata jiha ce. Wannan ne ke sa direbobin manyan motoci tserewa da zarar abu ya faru, don gudun fushin jama'a, sai kuma a ɗauki gudun a matsayin amsa laifi. Ta uku, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce "ƙaddara ce". Da zarar an furta ta, duk wanda ya nemi a yi bincike sai a riƙa yi masa kallon mai raunin imani.

Daga nan sai sulhu. Shugabannin tasha da dattawan unguwa su haɗu, mai mota ya kawo wani abu na ta'aziyya, a roƙi iyali su yafe. Sulhu alheri ne, kuma yafiya hali ne na girma. To amma yafiyar da aka karɓa daga matar da ke cikin takaba, wadda ba a faɗa mata abin da take da haƙƙin karɓa ba, ba ta cika sunanta ba. Mutum ba ya yafe abin da bai san nasa ba ne.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Doka ba ta duban girman mota, sakaci take dubawa. Tambayarta ita ce: wane ne ya kasa yin abin da direba mai hankali zai yi a wannan yanayi? Wanda ya daki wata mota ta baya, a mafi yawan lokuta shi ake fara tuhuma, domin wajibinsa ne ya bar tazara. Wanda ya yi aron hannu don ya wuce wata mota a kwana, shi zai yi bayani. Wanda motarsa ta lalace ya bar ta kan titi da dare babu alamar gargaɗi, yana da kaso a abin da ya biyo baya. Kotu kuma na da ikon raba laifi: idan wanda aka yi wa rauni ya taimaka wajen jawo haɗarin, sai a rage diyyarsa gwargwadon nasa sakacin, ba a hana shi baki ɗaya ba.

Wannan hanya ta gwamnatin tarayya ce, kuma Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara bakwai ga wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci. Hukumomin da abin ya shafa su ma suna nan: FRSC, wadda aka kafa a 1988, da sashen kula da zirga-zirgar ababen hawa na 'yan sanda mai alhakin bincike da gurfanarwa, da jami'an VIO masu duba lafiyar mota, sai kuma hukumar ZAROTA ta jiha. Matsalar ba ƙarancin kaki ba ce. Matsalar ita ce iyalin mamaci ba su cika sanin wace hukuma ce ke riƙe da rahoton haɗarinsu ba, balle su nemi kwafi.

Abin da Shari'a ta tanada

Zamfara ce jihar da ta fara aiwatar da dokokin hukunta laifuka na Shari'ar Musulunci, a Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura. Abin mamaki ne a ce a irin wannan jiha ake amfani da kalmar ƙaddara don rufe bincike, domin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu bai taɓa yin haka ba.

Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi ke saukewa tun suna matasa, ta ɗora lamunin ɓarnar da dabba ta taka a kan mai hawanta, da mai janta, da mai kora ta. Malaman mazhabar sun tattauna har mas'alar mahaya dawaki biyu da suka yi karo suka mutu: diyyar kowannensu na kan dangin ɗayan, ƙimar dokin kuma a cikin dukiyarsa. Sun kuma bambanta wannan da karon jiragen ruwa biyu da iska ta fi ƙarfin matuƙansu. Ashe tun ƙarnoni da suka wuce an san bambancin abin da ya fi ƙarfin mutum da abin da sakacinsa ya jawo.

A Yunin 1993, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai, ta yi matsaya a kan haɗurran mota. Ta ce bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba na da lamunin abin da ya ɓata, sai fa idan abin ya fi ƙarfinsa, ko wanda abin ya shafa ne ya jawo, ko wani na daban. Idan an yi tarayya a laifin, kowa ya ɗauki nasa. Kisan kuskure na da diyya, yana kuma da kaffara ta azumin wata biyu a jere. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka dokar ƙasa da Shari'a sun haɗu a wuri guda: dole a san wanda ya yi sakaci, da kuma gwargwadon sakacinsa.

Shaidar da ke ɓacewa cikin sa'a guda

Tantance laifi aiki ne na awo. Tsawon sawun birki a kan kwalta na nuna irin gudun da ake yi. Inda gilasai da ɓaraguzai suka zube na nuna hannun da aka yi karon. Yanayin taya na nuna ko fashewa ta yi kafin karo ko bayansa. Tun Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya, don haka duba ko motar na da ita, ko an cire ta, shi ma shaida ne.

Duk waɗannan ba sa jira. A hanyar da kowa ke tsoron tsayuwa, ana gaggauta janye motoci don kada a tara jama'a a dajin da ba a amince da shi ba. Fasinjojin da suka tsira kan hau wata mota su wuce, babu wanda ya karɓi lambarsu. Waɗanda suka ji rauni an wuce da su asibitin Tsafe, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Mamatan kuma an yi musu sutura kafin rana ta faɗi. Kafin mai bincike ya iso, abin da ya rage sai labarin baka, kuma a labarin baka mai ƙarfi ne ke da gaskiya.

Laifin da ba ya zaune a kujerar direba

Direba ne ake gani, amma ba shi kaɗai ne ke tuƙa motar ba. Mai motar da ya yanka wa direba balas ɗin da ba zai samu ba sai ya yi sawu biyu a yini, ya kuma sa mata taya 'yar gwanjo, yana cikin lissafi. Doka na kama ubangida da sakacin yaronsa a bakin aiki. Tashar da ta bari aka cusa fasinja fiye da kima tana ciki. Aikin tagwaita hanyar Zariya zuwa Sakkwato na tilasta haɗe motocin hannu biyu a wasu wurare, kuma duk inda aka karkatar da hanya babu isassun alamu, akwai tambayar da ta dace ɗan kwangila da Ma'aikatar Ayyuka su amsa.

Sai kuma rashin tsaro. A Afrilun 2024 gwamnatin Zamfara ta taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a iyakokinta da Katsina da Sakkwato. Ko da doka ko babu, direban da ya baro Funtuwa da la'asar ya san dole ya wuce dazukan Tsafe kafin magariba. Tsoro ne ke taka totur. Rubuta "gudun wuce kima" a rahoto gaskiya ce, amma rabinta ce.

Inshorar da ake biya don shingen bincike

Ko an gano mai laifi, wa zai biya? Amsar doka ita ce inshorar kare haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna, wadda ta zama tilas a ƙarƙashin dokar 1945. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tilasta ta daga 1 ga Fabrairun 2025. Amma direbobi da yawa na ɗaukarta takardar wuce shinge ce kawai, wasu ma ta bogi ke hannunsu ba su sani ba, alhali ana iya tantance sahihancinta a rumbun bayanan NIID da lambar mota. Ga masu shakku ta fuskar addini, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013. Sai dai idan an rasa rai, kamfani kan nemi rahoton 'yan sanda kafin ya biya, rahoton kuma ba ya samuwa idan an kashe magana a tasha.

Abin da ya rage

Gyaran bai buƙatar sabuwar hukuma. Majalisar Dokokin Zamfara na iya neman a riƙa wallafa sakamakon binciken duk haɗarin da aka rasa rai, tare da bai wa iyali kwafi kyauta. Limamai da alƙalai na iya sharɗanta cewa kafin a karɓi yafiya, a bayyana wa magada haƙƙinsu. Ƙungiyoyin direbobi na iya riƙe sunayen fasinjoji da gaske, ba don cika ƙa'ida ba.

Matasan da ke ciro waya a wurin haɗari su ma suna da rawar takawa. Ceton rai ne farko, a kira lambar FRSC ta 122, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa. Bayan haka, hoton da zai amfani marayu shi ne na inda motocin suka tsaya, da lambobinsu, da sawun birki, ba na fuskar mamaci a Facebook ba. Mutuwa ta Allah ce, wannan babu jayayya. Amma tayar da ta ƙare, da kwanar da babu alama, da rahoton da ba a rubuta ba, duk suna da masu su.