Tuban John Newton Da Masu Gajarta Labarinsa

Akwai wani labari da masu wa'azin Kirista ke yawan bayarwa in suna son nuna girman gafarar Allah. Sukan ce wai akwai wani Bature mai fataucin bayi, sunansa John Newton, guguwa ta same shi a teku, ya kira Ubangiji, ya tsira, daga nan sai ya watsar da mugun ciniki, ya tsara waƙar nan ta coci da ake kira Amazing Grace. Labarin da daɗin ji, amma an yanke masa ciki, an haɗa kai da wutsiya. Abin da aka yanke kuwa shi ne wanda ya fi cancanta a faɗa.

An haifi Newton a Landan a shekara ta 1725. Tun yana saurayi ya faɗa hannun wani mai sayen bayi a wani tsibiri kusa da Saliyo, ya sha yunwa da wulakanci har bayin gidan ne ke taimakonsa da abinci a ɓoye. Wato ya ɗanɗani abin da bawa ke ɗanɗana. A watan Maris na 1748, yana kan hanyar komawa gida, guguwa ta kusa nutsar da jirginsu, da ƙyar suka kai gaɓar Ailan. Daga wannan rana yake lissafin farkon komawarsa ga Allah. To, mai karatu ya lura da abin da ya biyo baya. A cikin wannan shekara ya sake shiga jirgin bayi, yana mataimakin shugaba. Daga 1750 zuwa 1754 shi ne shugaban jirgi da kansa, ya yi tafiya uku daga Libaful zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya kwashi ɗaruruwan mutane ya kai su tsibiran da ke gefen Amurka aka sayar.

Ba da hannun maƙiyi aka san wannan ba. Littafin da yake rubuta al'amuran jirgi kullum yana nan, an ma buga shi. A ciki ya nuna yadda yakan tara ma'aikatansa ran Lahadi su yi sujada a saman jirgi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu ga mutane ɗaure da mari. Ya rubuta yadda ya sa aka matse manyan yatsun waɗansu yara da ƙarfe don su tona asirin masu shirin tawaye. In bawa ya mutu, ba a rubuta sunansa, sai lambarsa. Barin cinikin ma da ya yi a 1754, ba nadama ce ta sa shi ba. Ciwo ne ya ka da shi ana gab da tashi, aka hana shi komawa teku.

Ya zama limamin coci a garin Olney a 1764, aka buga waƙar tasa a 1779. Amma sai a 1788 ya fito fili ya buga ɗan littafi yana la'antar fataucin bayi, yana bayyana kunyarsa bisa hannun da ya sa a ciki. Wanda ya iya lissafi ya ƙidaya: shekara 40 ke nan bayan guguwar, shekara 34 bayan ya sauka daga jirgi.

Me ya sa ake ɓoye waɗannan shekaru? Domin gajeren labari ya fi sanyaya zuciyar mai laifi. Yana koya masa cewa hawaye na dare ɗaya sun isa, ba sai ya waiwayi wanda ya cuta ba. Wannan kuwa ba koyarwar Linjila ba ce. Cikin littafin Matiyu an umarci mai kawo baiko wurin ibada, in ya tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Cikin littafin Luka ga Zakka, shugaban masu karɓar haraji, wanda ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ƙaunar da Almasihu ya koyar an ɗaure ta da maƙwabci, ba a raba su. Malaman Musulunci ma haka suke cewa, hakkin mutum yana nan a wuya sai an biya ko mai shi ya yafe. Wanda ya cire wannan daga wa'azinsa, ya mai da gafarar Allah kamar rasit ɗin da aka ba mutum alhali bai zuba ko anini a baitulmali ba.

Akwai kuma waɗansu da za su ji wannan su yi shewa, su ce ga munafuncin Nasara ya fito. Su ma sun yi gaggawa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. A ƙasar Hausa an yi kasuwannin bayi, masu ilmi da tasbaha a hannu sun saya sun sayar, ba a kuwa soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai a 1936. Makantar da ta kama Newton ita ce ta mutumin da al'adar zamaninsa ta halatta masa mugun abu, ga riba a ciki.

Abin da ya kamata a yaba masa shi ne abin da masu gajarta labari ke tsallakewa. Da idonsa ya buɗe, bai ce ai Allah ya riga ya gafarta, a bar tone-tone ba. Yana da shekara fiye da 60, mutum mai daraja a Landan, ya tona wa kansa asiri a rubuce, ya tsaya gaban hukuma ya ba da shaidar abin da ake yi a cikin jiragen. Tun a 1785 shi ya shawarci William Wilberforce kada ya bar Majalisar Dokoki, kuma Wilberforce ne ya ja gaban yaƙin a can. Aka kafa dokar hana fataucin bayi a Ingila a watan Maris na 1807, Newton ya rasu a watan Disamba na wannan shekara, ya tsufa, ba ya gani sosai. Mutanen da ya sayar kuwa ba wanda dokar ta mayar gida, domin bautar kanta ba a yi dokar soke ta a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila ba sai a 1833.