Rashin Tsaro Na Ƙara Wa Yaran Kagara Zazzaɓin Cizon Sauro

Idan damina ta kankama a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda Kagara da Tegina suke, ruwa kan kwanta a fadamun shinkafa da kududdufan bayan gida, sauro ya hayayyafa. Wannan tsohon zance ne. Abin da ya ƙaru shi ne gudun hijira. Tun kafin sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021, 'yan bindiga ke korar manoma daga ƙauyukansu. Iyalin da suka tsere da tsakar dare ba sa tsayawa kwance gidan sauro. Sukan ƙare a azuzuwan makaranta ko rumfunan 'yan'uwa, jarirai na kwance a fili. Ga yunwa tana raunana jiki, ga asibitin ƙauye babu ma'aikaci. Yaron da bai kai shekara 5 ba, zazzaɓin kwana biyu na iya kai shi ga jijjiga da ƙarancin jini.

Wasu na ɗora laifin kan iyaye, wai an raba gidan sauro sun shinge lambu da shi. Ana samun haka, amma uwar da ba ta da bangon kafa ƙusa ina za ta rataya shi? Maganin rigakafin da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata da damina yana aiki, sai dai gida-gida ake bi da shi, kuma wanda ya yi hijira ba ya gidansa. Ya kamata gwamnatin Neja ta ƙidaya yaran da ke gudun hijira a Kagara da Tegina, ta kai musu magani da gwajin jini inda suke kwana.