Kada VPN ya shiga tsakaninka da bankinka

Tun lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, 'yan uwa da yawa a nan kudu suka saba da VPN. To amma da ka kunna shi, duk intanet ɗin wayarka ne ke zagayawa ta wata ƙasa. Sai banki ya ga kamar daga Jamus ake taɓa asusunka, yana iya hana ka shiga, ga mai shanu tsaye a Kara yana jiran alat.

Maganin yana cikin saiti. A Android, irin su Proton VPN na barin ka ware manhaja ɗaya tak ta bi VPN. Ta banki kuwa, bar ta kan layinka na gida.