Waiwaye: Shekarar da Totur Ya Kashe Mini Hannu

Babur ɗina na farko na hannu ne. Yayana ne ya dawo da shi garinmu Bacirawa a farkon 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a kan babur a cikin birnin Kano, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a watan Janairun shekarar. Dubban 'yan acaɓa suka wayi gari babu sana'a. Masu hali suka koma Adaidaita Sahu, sauran suka tattara komatsansu suka nufo ƙauyuka, har ta kai kusan kowace inuwar darbejiya a yankinmu ta zama tasha. Yaya bai jima ba ya koma noma gadan-gadan, ya sallama mini Jincheng ɗinsa ja a kan in biya bayan kaka.

Ranar da ya miƙa mini makulli ya ce, "Totur ɗin yana da ɗan tauri, amma za ka saba."

Na kuwa saba, kuma sabon nan ne ya kusa raba ni da hannuna na dama.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka tafiya a nan sauƙi gare ta, tun da ba dutse ba tudu. Gonaki ne manne da juna, kowane taku da mai shi, hanya kuwa siririn burtali ne tsakanin shinge da shinge, cike da rairayi. Da jakai kakanninmu suka riƙa bin waɗannan hanyoyi, su kai itace birni su dawo da taki. Babur ne ya gaji jaki, kuma kayan da ake lafta masa ko jakin ba a yi wa haka ba: buhu biyu na gero, akuya a ɗaure a baya, wani lokaci ga mai akuyar a tsakiya. Ni riɗi da wake nake saye a ƙauyuka in kai Dawanau. Lahadi ina kasuwar Dambatta, wata Alhamis ɗin kawuna ya aike ni har Maigatari, bakin iyakar Nijar, duba farashin dabbobi. A kan kwalta hannu kan tsaya wuri ɗaya na tsawon lokaci, yana riƙe da totur yana shan rawar inji. A cikin rairayi kuwa babu hutu ko na ƙiftawar ido: ka murɗa, ka rage, ka sake murɗawa don kada tayar baya ta nutse. Duk wannan da totur ɗin da sai na damƙe shi kamar mai matse jiƙaƙƙen bargo.

Da gajiya abin ya fara, irin wadda kowa ke yi. In na sauka sai in yarfe hannu sau biyu, shi ke nan. Zuwa damina sai yatsu uku, babba da manuni da na tsakiya, suka riƙa sagewa tun ban kai rabin hanya ba. Daga nan ciwon ya biyo ni shimfiɗa. Cikin dare tsikari kan tashe ni, kamar ana soka mini allurai a tafin hannu, in zauna a bakin gado ina kaɗa shi har ya lafa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne bayan wata sallar Asuba: ina jan carbi, na ga ƙwayoyin suna wucewa ƙarƙashin babban yatsana amma ba na jin su.

Inna ta ce sanyi ne, ta haɗa mini jiƙo, ta sa matata ta riƙa shafa mini man zafi. Wanzami ya yi mini ƙaho a kafaɗa. A kemis aka ba ni ƙwayoyin kashe ciwo, su yi aiki yini guda su sake ni. Wani abokin tafiya a tasha ya taɓa buɗe tafin hannunsa ya nuna mini tiramol, ya ce da ita suke kaiwa dare ba su ji komai ba. Allah ya tsare ni ban karɓa ba, amma na fahimci yadda samari da yawa suka faɗa cikinta: ba duka ne neman maye ya kai su ba, wasu ciwon da ba su san tushensa ba ne ya tura su. Duk cikin masu ba ni magani babu wanda ya tambaye ni lafiyar babur. Ni ma ban kawo shi a raina ba. Na taɓa kai shi wajen wani yaro mai gyara, ya ɗiga baƙin mai a bakin wayar, ya murɗa sau biyu ya ce ya yi daidai. Da ya ambaci sauya waya sai na ce a bari sai na sayar da riɗi.

A hunturun da ya biyo baya, wata Lahadi ina dawowa daga Dambatta gab da magariba, hazo ya rufe gari, na shigo wani burtali da na sani kamar tsakar gidanmu. Sai ga amalanken shanu ta ɓullo daga wata gona ɗauke da kara, wani yaro yana jan akala. Na saki totur. Bai koma ba. Inji ya ci gaba da kuka, babur yana tafiya da ni. Na kai yatsu ga birkin gaba, yatsun suka ƙi rufuwa a kan lokaci, kamar na aro su. Da birkin ƙafa na samu na karkatar da shi cikin shinge. Na faɗi, salansa ta kwanta mini a ƙwauri, har yau tabon yana nan. Yaron ya tsaya yana kallona, bai fi shekara goma ba, tsakaninsa da tayar gaba bai wuce kamu uku ba. Na daɗe ban daina ganin fuskarsa ba.

Washegari na tura babur ɗin wajen wani dattijon bakanike da ke bakin titi, wanda tun zamanin Vespa da Honda yake wannan aiki. Bai tayar da inji ba. Ya murɗa totur ya saki, abin ya koma a hankali kamar mai ciwon baya, ya tsaya a rabi. Ya dube ni.

"Ɗana, tun yaushe kake hawansa haka?"

"Ya kusa shekara, Baba."

"Miƙo hannun."

Ya danna tsokar da ke gindin babban yatsana, ya girgiza kai, bai ce komai ba. Ya kwance sukurori biyu na gidan totur, ya zare wayar daga cikin rigarta, ya shimfiɗa mini ita a kan gwiwarsa. Wayar da ya kamata ta kasance sumul tana ƙyalli ta koma ja da tsatsa. Ƙurar hunturu da ruwan damina da baƙin man nan sun haɗu sun zama wani abu mai kama da tsohuwar kuka a gindin tukunya. Kusa da kan wayar silla uku sun tsinke sun miƙe kamar ƙaya, su ne ke kartar cikin rigar, su ne kuma suka maƙale ranar da na faɗi. Ya zare bututun robar da ake riƙewa, ya nuna mini ƙarfen da ke ƙarƙashinsa: ya ɗan lanƙwashe tun wata faɗuwa da Yaya ya yi a birni, ga busasshen giris da yashi.

A nan ya yi mini karatun da ban manta ba. Totur abu uku ne kawai: bututun da hannu ke murɗawa, wayar da ke ja, da sifirin ɗin cikin kafireto da ke mayar da komai wurinsa in an saki. Hannu da sifirin kaɗai ya kamata ya yi kokawa, shi kuwa ba shi da wani ƙarfi. Duk taurin da ya wuce wannan, datti ne, ko tsatsa, ko waya ta tsinke, ko an bi da ita ta inda tanki ko igiyar ɗaure kaya ta danne ta. Ya ja mini kunne a kan masu yanke sifirin don totur ya yi laushi, da masu ɗaure shi da robar tayar keke don su huta a doguwar hanya. Ya ce waɗannan sun sayar da birkinsu na farko, domin kafin kowane birki, komawar totur ce ke tsayar da babur. Ya wanke bututun da kananzir, ya miƙe ƙarfen, ya sa sabuwar waya, ya bar mata ɗan wasa na milimita biyu ko uku. Ya tayar da inji yana sulo, ya juya kan babur ɗin har ƙarshen dama, ya dawo har ƙarshen hagu, yana saurare ko kukan zai ƙaru. Bai ƙaru ba. Ya kashe, ya murɗa ya saki: ƙas!

Abin da na biya bai kai kuɗin man zuwa Dambatta da dawowa ba. A kemis kaɗai na kashe ninkinsa sau da yawa.

Hannun bai warke da sauri kamar babur ba. Sai da na je asibiti a Kano, likita ya sa na lanƙwasa wuyan hannu na minti ɗaya, nan take tsikarin ya dawo. Ya tambaye ni ko ƙaramin yatsa ma yana sagewa, na ce a'a. Ya bayyana mini cewa akwai wata jijiya da ke ratsa wata ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu tare da igiyoyin da ke lanƙwasa yatsu. Ita ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Damƙa mai ƙarfi, da lanƙwasa wuyan hannu na sa'o'i, da rawar inji, sukan sa wurin ya kumbura ya matse ta. In aka bari ta daɗe a matse, tsokar gindin babban yatsa takan rame, wani ma sai an yi masa aiki. A lokacin na gane abin da Baba bakanike ya duba. Aka ba ni abin ɗaure wuyan hannu in kwana da shi, aka ce in rage doguwar tafiya, in kuma riƙa tsayawa ina miƙe yatsu. Na koyi ɗora hannu a kan totur a miƙe, ba a karye ba, da riƙe shi sako-sako.

Jiki magayi ne, in ji Hausawa, amma mu mazan karkara an tarbiyyantar da mu a kan toshe masa baki. Wanda ya ce hannunsa na ciwo saboda babur, dariya za a yi masa a tasha, a ce rago ne. Ina girmama juriya, da ita iyayenmu suka ciyar da mu daga wannan rairayi. Sai dai jure abin da sukurori biyu da waya ɗaya za su gyara ba haƙuri ba ne, sakaci ne da ya ari rigar haƙuri, kuma ba mai babur kaɗai ke biyan kuɗinsa ba. Yaron amalanken nan bai san komai game da riɗin da nake jira in sayar ba.

Yanzu Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta mamaye hanyoyinmu, ta fi tsohuwar Jincheng ɗina ƙwari, amma wayar totur ɗinta ƙurar nan dai take sha. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk abin da yaro ya samo a yini tanki ke lashewa, gyara ya koma sai abin da ya tsayar da babur cak. Ina ganinsu a tasha suna sauka suna yarfe hannun dama, irin yarfewar da na sani.

Makon jiya ɗan Yaya ya zo gaishe ni a kan sabuwar Boxer ɗin da ya karɓa biya kaɗan-kaɗan. Kafin ya gama tsugunawa na riga na kai hannu na murɗa totur ɗinsa na saki. Ya koma, amma da ɗan jinkiri.

"Baffa, ai lafiyarsa ƙalau, ɗan tauri ne kawai."

Na ɗage ƙafar wandona na nuna masa ƙwaurina. Sannan na karɓi makullin na sa a aljihu, na ce ya shiga ya gaida Inna, in ya fito mu tura shi bakin titi tare.