Daga Bakin Akwati: Mai gadin da muka kora don wari

Yau maganar kare muka zo da ita. Mun san wasu za su ce, "Kare kuma? Mi ya haɗa asusu da kare?" Ku ɗan yi haƙuri ku ji abin da ya faru da mu nan Kiyeshe.

Bayan an gama yankan hatsi, muna zubi a gidan ɗaya daga cikin masu riƙe da mabuɗin akwatinmu. Mun shimfiɗa tabarmi gindin bedi ke nan, sai wani wari ya taso. Wata dattijuwa cikinmu ta toshe hanci da bakin zane ta ce, "Ke ɗiyata, wanga wari hwa? Mushe na bayan danga?" Matar gidan ta ce, "A'a Inna, karenmu na. Ya kusa wata biyu yana susa, duk gashi ya zube." Muka leƙa ƙarƙashin rumbu muka gan shi: bakin kunnuwa ya yi ɓawo, ciki ya yi ja, haƙarƙari duk a waje. Nan take aka ce a kore shi, yara suka raka shi da jifa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: har da mu cikin masu cewa a kore shi.

Ba a yi kwana goma ba aka shigo da dare aka kwance ragon da ta saya da rancen asusu, wanda take kiwo don ta sayar ta biya. Ba wanda ya ji motsi a gidan, don mai haushin ba ya nan. Rago ya tafi, bashi na nan. Mun ƙara mata wa'adi, mun taɓa kuɗin taimako, amma jarinta na shekara ya karye.

Tun da aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, har ya iso mana nan Arewa, akuya da tunkiya da rago suna cikin manyan abubuwan da muke juya kuɗinmu a kai. Akwati muna sa masa kwaɗo uku. To, wa ke tsaron abin da ke ɗaure a turke? Karen nan ne da muke jefa wa ƙanzo in mun tuna. Malamanmu sun ce ya halatta a ajiye kare don tsaron dabbobi da gona da farauta, kuma duk dabbar da ka ajiye, haƙƙinta na wuyanka.

Sai muka wakilta mutum biyu suka je wajen malamin dabbobi. Ga abin da muka koyo.

Lafiyayyen kare yana da ɗan ƙaurinsa, amma ba ya tada mutane daga tabarma. In wari ya kai haka, ciwo ne. Wanda ya fi yawa shi ne ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, macen tana haƙa rami cikin fata tana zuba ƙwai. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako biyu zuwa uku ne. Yakan fara daga bakin kunne da gwiwa da ciki. Kare ya yi ta susa har fata ta tsage, ƙwayoyin cuta su shiga, ruwa da mugunya su fito. Warin daga nan yake. Shi ya sa wanka kaɗai ba ya raba shi da shi: yau a wanke, jibi ya dawo.

Akwai kuma kaska da ƙuma. Kaska na maƙalewa cikin kunne da tsakanin yatsu, in ta ƙoshi da jini ta sauka ta shige tsagar katanga ta zuba ƙwai dubbai. Ƙuma kuwa ƙwanta na zuba inda kare ke kwana. Da damana akwai wani ƙuda mai ajiye ƙwai a rairayin da aka yi fitsari cikin inuwa. Tsutsar ta shige fatar ƴan kwikwiyo ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya. Haka take shiga jikin jariri in an shanya tufafinsa a ƙasa. In kuwa fata lafiya lau amma wari na nan, a duba kunne. Kare mai yawan kaɗa kai, kunnensa na fitar da baƙin datti, ciwon na ciki. A duba baki ma, ko haƙori ya ruɓe ko ƙashi ya maƙale.

Abin ya shafi ƴaƴanmu. Ƙazuwar kare na sa wa mutum ƙaiƙayi da ƙuraje a hannu da ciki, ko da yake ƙwaron ba ya daɗewa a jikin mutum. In an warkar da kare, nasu ma yakan wuce. Makero kuwa, wanda ke cin gashi ya bar fili kamar kwabo, yana kama yara sosai. Yaron da ya kamu a kai shi gidan likita.

Yanzu ga abin da muke roƙo a bari. Baƙin man mota da samari ke shafa wa kare yana ƙona fata, kare ya lashe ya shiga cikinsa ya zama guba. Haka kananzir. Mafi muni shi ne maganin feshin wake: yana iya kashe kare cikin yini, ya kuma shiga jikin yaron da ya shafa shi da hannu. Allurar ivermectin da ake yi wa tumaki da awaki ita ce dai ake yi wa kare don ƙazuwa, amma gwargwadon nauyinsa ake aunawa, kuma ba a yi wa ɗan kwikwiyo ƙarami. Kada mu sayo a kasuwa mu yi da ka. Malamin dabbobi shi zai auna, shi zai ce ko sai an haɗa da maganin mugunya. Ana maimaita allurar bayan mako biyu, wani lokaci har sau uku, saboda ta farko ba ta kashe ƙwai. Yawancinmu nan muke faɗuwa: da susa ta ragu sai mu ce ya warke.

Namu aikin na gida ba shi da tsada. A yi masa wanka da hantsi in rana ta yi ɗumi, da sabulun wanka, ban da omo, kuma nesa da bakin rijiya. Mai gidan da kare ya saba da shi ya riƙe shi, a ɗaure bakin da tsumma, don mai ciwo yakan yi cizo. Kada ruwa ya shiga kunne. Ruwan dafaffen ganyen bedi da iyayenmu ke amfani da shi yana da kyau wajen ɗauraya, sai dai ba ya kai wa ga ƙwaron da ke cikin fata, ba zai maye gurbin allura ba. Kaska a kama ta daf da fata a ja a hankali, a jefa wuta, kada a murtsuke ta da farce. Marurun tsutsa a toshe ramin da man kaɗe, in ta leƙo neman iska a matse ta fito. Buhu ko tsumman da yake kwana a kai a ƙone, a share wurin, a liƙe tsagar katanga da laka. Bayan an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu.

Sai abinci. Kare mai yunwa ciwon fata ya fi kama shi, ya fi kuma daɗewa bai warke ba. Ragowar tuwo da ɗan nono, da kan kifi in an samu, da ruwa mai kyau a kaskonsa shi kaɗai, sun isa su canza shi.

In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a wuce gidan likita ran nan, kada a jira gobe. Haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba shi da magani. Don haka in malami ya zo, a tambaye shi allurar rigakafin hauka ita ma.

Wata matsalar ita ce karnukan unguwa tare suke yawo. In kin warkar da naki, na maƙwabciya bai warke ba, aikin banza ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa a asusunmu muka ƙirga gidajen da ke da kare, muka haɗa kuɗin man babur, muka kira malamin rana ɗaya ya bi su duka, ya kuma duba awakin da ke goga jiki a danga. Da kowace ita kaɗai za ta ɗauki kare zuwa Dogondutsi, da ba a je ba.

Karen ƴar uwarmu fa? Ɗanta ya gano shi wajen mahauta ya janyo shi gida. Bayan allura ta biyu susa ta tsaya, warin ya tafi, cikin wata na biyu gashi ya soma tsirowa. Yanzu yana kwance kusa da turke, inda ta ɗaure ƴar akuyar da ta samu ta saya. Ranar zubin da ya wuce, dattijuwar nan ce da kanta ta ce, "Ku bar shi nan, kowa da aikinai."

Muna roƙon kowane asusu, daga Kiyeshe har Tibiri, a zubi na gaba bayan an rufe akwati a ɗauki minti biyar a tambaya: gidan wa ke da kare mai susa? A rubuta, a sa rana. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a zubinmu. Sai fitowa ta gaba.